Karkatacciyar Ƙotar Alhaji Isufu

Ranar sunan jikata, samari suka cika mini falo a nan Giyotiyar, unguwarmu a birnin Liyon. Ɗan maƙwabcina ya sauko da iccen nan da ke rataye bisa ƙofar ɗakina, ya jujjuya shi, ya ce, "Tonton, wannan raté ne ko, aikin da ya ɓaci? Wanda ya sassaƙa shi barci yake yi?" Sauran suka bushe da dariya. Wani ya ƙara da cewa ai aikin kantin bindiga ba wani aiki ba ne: mutum ya shigo, ya nuna wadda yake so, ka sa masa a akwati, ya tafi. Na ce ya mayar da iccen inda ya same shi, da hannu biyu, sannan kowa ya nemi wuri ya zauna. Tunda sun ci mini shinkafa, dole su saurare ni.

Iccen gindin bindigar farauta ne, wanda ake kafawa a kafaɗa. Faransawa suna da nasu sunan, ni kuwa ƙota nake ce masa, kamar ta fartanya, don aikinsu ɗaya: haɗa ƙarfe da jikin mutum. Wannan da suke wa dariya ta lanƙwashe ne daga wuya, kamar sandar tsoho, kuma da gangan aka yi ta haka. A duk abin da hannuna ya sassaƙa a ƙasar nan babu wanda ya kai ta wuya.

Ni ɗan masassaƙa ne daga Damagaram. Turmi, taɓarya, akushi, ƙotar gatari, su na buɗe ido na tarar ana yi a gidanmu, kuma su na gudu na bari. Na yi shara a Paris, na wanke kwanuka a wani gidan abinci a unguwar Gut-Dor, sannan wani ɗan garinmu ya ja ni Liyon ya sama mini sharar wani ƙaramin kantin bindigogin farauta. Mai kantin, Mushe Lusiyan, gajeren tsoho ne wanda ƙarar harbi ta cinye masa kunne, saboda haka ko sannu zai yi maka sai na kan titi sun ji. Wata rana ƙotar gudumarsa ta karye. Lokacin hutun cin abinci na tsinci guntun icce cikin shara na feƙe masa wata da wuƙata. Ya juya ta, ya buga, ya sake juyawa. Washegari na tarar an ajiye mini benci a ƙuryar shago, da magagari da takardar goge icce a kai.

Kada ku ɗauka daga ranar na fara sassaƙa. Na shekara da shekaru ina goge abin da wani ya sassaƙa, ina shafa mai da tafin hannu har iccen ya yi ɗumi, in bari ya sha, in sake. In na yi gaggawa ya gane, don man yakan yi danƙo, sai ya kankare duka ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba. Daga baya ya bar ni in yi zanen nan mai kama da ɓawon kifi da ake yi inda hannu ke riƙewa don kada ya zame. Layi ɗaya ya kauce, ƙota ta lalace. Sai da na fara furfura a gemu ya yarda in taɓa bindigar awo, wata tsohuwar bindiga mai gaɓoɓi da kusoshi, wadda ake tsawaitawa, a gajarta, a karkata, har ta zauna daidai jikin mutum, sannan a kwafi awon a sassaƙa masa tasa. Abin da ya fi nanata mini shi ne, bindigar tsuntsu ba a saita ta. Babu lokaci. Kana ɗaga ta, inda idonka ke kallo nan ya kamata bakinta ya kalla.

Yawancin masu zuwa wurinmu likitoci ne da lauyoyi da masu masana'antu, waɗanda in sanyi ya kama Faransa sukan tafi Senegal ko Burkina ko Maroko harbin fakara da kurciya da zabi. Kuma kusan dukansu kuskure ɗaya suke yi, su zaɓi bindiga da idon Faransa. Wani likitan haƙori ya sayi tasa a wani babban kanti, aka auna shi yana sanye da jibgegiyar rigar sanyi. Da ya je can ya sa 'yar shara-shara, sai bindiga ta yi masa gajarta, kowane harbi babban yatsansa ya daki hancinsa. Ya dawo ya zo wurinmu da hanci kamar tumatir yana zagin bindiga. Tun daga ranar duk mai tafiya ƙasar zafi sai na sa ya tuɓe kwat, ko da kuwa haƙoransa na kaɗawa.

Sauran shawarar ba ta da yawa, amma kowace an biya ta da wahalar wani. Ka ɗauki mai lamba sha biyu, don harsashinta ake samu a kowane sansanin farauta. Mai lamba ashirin ta fi sauƙin ɗauka, amma ranar da naka ya ƙare sai ka koma ɗan kallo. Ka ɗauki mai baki biyu wadda ake karyawa a zuba harsashi, baki ɗaya a buɗe don tsuntsun da ya tashi a ƙafarka, ɗaya a tsuke don wanda ya yi nisa. Masu ɗura kansu da kansu suna da daɗi, sai dai rairayi kaɗan ya shiga su ƙi aiki, kuma 'yan duwan, masu binciken kaya a iyakar wasu ƙasashe, ba su son ganinsu. Kada ka cika mata mai, mai da ƙasa in sun haɗu sun zama magagari. Kuma ka tuna za ka wuni kana saɓe da ita a rana, wadda ta yi maka daidai da safe ita ce za ta zame maka taɓarya da la'asar.

Shekarar casa'in da biyar ita ce mafi muni da muka gani. Doka ta ƙara tsauri, takardu suka yi yawa, manyan kantunan wasanni suka cika gari da bindigogin da inji ke yi, kowa da irin ɗaya kamar takalmin roba. Mukan wuni ƙararrawar ƙofa ba ta yi motsi ba. Mushe Lusiyan ya sallami ɗayan ma'aikacin, ya koma yana goge bindigogin da ya riga ya goge jiya. A cikin wannan hali ne na gamu da Alhaji Isufu.

Duk farkon wata nakan hau jirgin ƙasa in kai gyararrun bindigogi wani kanti da muke hulɗa da shi a Paris, in kuma ranar ta faɗa Juma'a in yi salla a Gut-Dor. Ina ɗaura takalmi bayan salla sai wani dattijo mai tabarau, babbar riga fara ƙal a ƙarƙashin kwat, ya tsaya a kaina. Muka gaisa, ya tambayi gida, da iyali, da aiki, da sanyi, da mutanen Damagaram, kamar ya san su. Daga bakinsa na ji mutumin wajen Tasawa ne. Daga baya na san babban ma'aikaci ne a ɗaya daga cikin ofisoshin nan na ƙasa da ƙasa, irin waɗanda direba ke buɗe wa ƙofa. Ya ja ni wani shagon shayi, ya zaɓi teburin da ya fi nisa da mutane.

"Malam Ilu, an ce mini kai ne Bahaushen da ke aikin bindiga a Liyon."

"Ni ne, Alhaji."

"Ina son bindigar tsuntsu. Wadda ta fi kowace kyau a kantinku. Ba na tambayar kuɗinta."

A shekara irin wannan, maganar ta yi mini daɗi har cikin ƙashi. Amma na ce masa tsada ba ta kakkaɓo tsuntsu, ya gaya mini inda za shi da abin da zai harba. Ya daɗe yana juya cokali a kofi kafin ya amsa.

Abokan aikinsa Turawa duk shekara sukan je bakin kogin Senegal farauta. Wata rana, shekaru da suka wuce, bakinsa ya suɓuce a wurin cin abinci ya ce shi ɗan Sarkin Baka ne, shugaban mafarautan yankinsu. Tun daga nan suka sa shi gaba, yana zillewa da uzurin aiki. Bana shekararsa ta ƙarshe ce kafin ya huta, sun haɗu sun shirya tafiyar don girmama shi, a watan Janairu, kuma sun riga sun gaya wa masu sansanin cewa za su zo da ɗan sarkin mafarauta.

"To mi ya yi zafi, Alhaji? Ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe."

"Wanga ɗan ko rarrafen bai yi ba," in ji shi. "Malam Ilu, ban taɓa kashe ko ƙadangare ba."

Ya ce tun suna yara mahaifinsu ke fita da su bayan gari, shi da 'yan'uwansa, ya ba kowa baka. Kowa ya yi kisan farko ya kawo wa tsoho, aka yi masa kirari, ban da shi. Kibiyarsa kullum gefe take bi. An ba shi bindiga harbi-ka-ruga, ita ma haka. An yi masa rubutu ya sha, an yi masa wanka da saiwoyi, a banza. Ranar da aka zo neman yaro ɗaya daga kowane babban gida don a kai lakwal, wato makarantar boko, tsoho ya nuna shi a gaban jama'a ya ce, "Ku ɗauki wanga. Dawa ta ƙi shi." Ya tafi, ya yi karatu, ya zama abin da ya zama, tsoho ya rasu ba su taɓa komawa kan maganar ba.

"Na je filin harbi a ɓoye nan bayan gari," ya ce. "Na ƙone harsashi akwati guda, ko faifai ɗaya cikin waɗanda ake cillawa sama ban taɓa ba. Ni dai na san baki ne. Tsoho ya faɗa, kuma ta zauna. Amma na ce ko bindiga mai kyau za ta rufa mini asiri kwana kaɗan."

Na ji tausayinsa ƙwarai. Mutum ya haura sittin, ana tashi tsaye in ya shiga ɗaki, amma maganar da aka faɗa masa yana ɗan yaro tana nan zaune a ƙirjinsa. Na ce ya zo Liyon a auna shi, kafin nan ba zan sayar masa da komi ba.

Ya zo wata Asabar. Na sa ya tuɓe kwat, na jera masa bindigogi a kan tebur. Yana duba wata sai ɗan harsashin gwaji, irin marar albarushi, ya gangaro zai faɗi ƙasa. Caraf ya cafke shi a sama, da hannun hagu. Nan take ya mayar da shi dama, ya saci kallona kamar wanda aka kama da hannu a tukunya. Na yi kamar ban gani ba.

A filin harbi akwai wani faffaɗan allon ƙarfe da ake shafa wa farar ƙasa, a sa ɗigo baƙi a tsakiya. Mushe Lusiyan ya ce ya ɗaga ya harba ba tare da tunani ba. Ya harba, muka sake shafawa, ya sake. Duk harbin wuri ɗaya ya taru, cunkus, kamar an zuba da hannu, amma can hagu da ɗigon. Tsohon ya yi tsaki irin na murna. Wanda bai iya ba, harbinsa warwatse yake. Wannan hannunsa ba ya rawa ko kaɗan. Mushe Lusiyan ya yagi kwali, ya huda tsakiya, ya ce Alhaji ya miƙa shi gaba da hannu biyu, ya kalli hancinsa ta cikin hudar, sannan ya jawo shi fuska a hankali. Kwalin ya tafi kai tsaye kan idon hagu.

Kowane mutum ido ɗaya ne ke ja masa gora, ɗayan rakiya yake yi. Na yawancin mutane na dama ne. Alhaji yana kafa bindiga a kafaɗar dama, amma idon hagu ke kallo, saboda haka abin da yake gani daban, inda bakin bindiga ya nufa daban. Muka gwada rufe na hagun, ashe na daman rarrauna ne, da shi kaɗai tsuntsu da ganye duk ɗaya suke a wurinsa.

"Ai da sauƙi," in ji Mushe Lusiyan da muryar nan tasa da ke kaiwa ƙarshen fili. "Bahago ne. Ya sauya kafaɗa kawai."

Fuskar Alhaji ta ɗaure. Ya ajiye bindigar, ya ce da Faransanci mai sanyi, shi ba bahago ba ne, ya nufi mota. Tsohon ya dube ni, bai gane abin da ya faɗa na laifi ba. Ni na gane. Na bi shi, muka tsaya jikin shinge, na bar shi ya huce.

"Alhaji, Allah ya huci zuciyarka. Ƙanwata ma haka aka haife ta. Na ga yadda aka yi da hannunta."

Ya dubi hannunsa na hagu. Can ya ce yana tuna wani abu kamar a mafarki, tsumma a ɗaure da hannunsa a ƙugu, da muryar kakarsa tana cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Bai taɓa gaya wa kowa ba.

"Amma ka ji ni da kyau, Malam Ilu. Ba zan yi bisimilla in ja kunama da hannun da nake tsarki da shi ba, in ce zan ci abin da ya faɗo. Kuma ba zan tsaya gaban mutane, ɗan Sarkin Baka, in harba da hagu ba. Gara in ce musu ba ni da lafiya."

Ban yi masa gardama ba. Mutum ba ya sauke kayan shekara sittin a bakin shinge don wani masassaƙi ya ce ya sauke. Sai na tuna wata tsohuwar ƙota da na taɓa gani a saman shago, cikin ƙura, irin wadda aka riƙa yi wa sojojin da suka dawo yaƙi babu idon dama. Ana kafa ta a kafaɗar dama, a ja kunama da dama, amma wuyanta ya lanƙwashe ya ƙetare fuska ya kai bakin bindiga gaban idon hagu. Na kwatanta masa. Ya ce in yi.

Mushe Lusiyan ya ce rabonsa da yin irinta tun yana saurayi, kuma biyu cikin waɗanda ya gani sun tsage a wuya. Dalili kuwa, in ka yanka lanƙwasa daga miƙaƙƙen icce ka yanke jijiyoyinsa, duk harbi sai ya daki wurin da ba shi da ƙarfi. In ta tsage, a fuskar mutum za ta tsage. A nan ne aikin gidanmu ya dawo mini. Babana bai taɓa sassaƙa ƙotar fartanya daga miƙaƙƙen reshe ba. Yakan yi ta yawo a daji har ya sami wanda ya girma da gwiwarsa. Na je wurin mai sayar mana da icce, na wuce kyawawan da ya jera, na shiga tulin da ya ware don murhu. Na wuni ina juya gungume ina tofa musu yawu don in ga jijiya. Wajen la'asar na sami ɗaya da aka yanko daga inda reshe ya rabu da uwa, busasshe sarai, jijiyarsa ta yi kwana daidai inda nake so. Mai iccen ya ce in ɗauka kyauta, yana kallona kamar mai taɓin hankali.

Muka zaɓar masa mai baki biyu a jere, ƙirar garin Santetiyan, lamba sha biyu, marar nauyi, marar ado, ba ma ta kusa da masu tsadar kantin ba. Ya sake zuwa sau ɗaya muka daidaita bindigar awo a jikinsa. Mun shirya zai dawo a gwada kafin a gama, sai ma'aikatan jirgin ƙasa suka shiga yajin aiki, ƙasar ta tsaya cak. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, mu kuwa ga mu muna fafewa, mai goran ma ba ya nan. Mushe Lusiyan ya gasa wutsiyar ƙarfen ya lanƙwasa ta kaɗan-kaɗan, ni ina bi da icce. Ina shafa baƙin fitila a ƙarfe, in haɗa, in cire, inda baƙin ya taɓa icce in kankare, in sake haɗawa. Ban taɓa jin tsoron icce ba sai a wannan aiki.

Ranar gwaji muka ɗaure ta a tsohuwar taya, muka zuba harsashi mafi ƙarfi, muka ja kunama da igiya daga bayan bango. Muka yi ta yi har bakin ya yi zafi. Na kwance ta, na kai wuyan wurin haske, na bi shi da farce, na ƙwanƙwasa na saurara. Babu ko tsagar gashi. Na zauna a ƙasa a wurin, cikin sanyi, na yi hamdala.

Saura kai ta Paris, babu jirgi. Na ce zan bi wata motar kaya da ke kai doya da busasshen kifi Gut-Dor. Mushe Lusiyan ya ce ban da hankali: a shekarar da 'yan sanda ke buɗe jakar duk wani baƙi da Balarabe, ni zan shiga motar kayan wasu da akwatin bindiga, ba jirgin da aka saba ganina ba? Ya rufe kanti, abin da ban taɓa gani ya yi ba, ya fito da tsohuwar motarsa, muka tafi yana zagin kowane direba tun daga Liyon.

Muka haɗu da Alhaji a wani filin harbi bayan gari. Da na buɗe akwatin ya ga ƙotar, sai ya yi murmushin yaƙe ya ce, "Wannan ai kamar ni take." Ya kafa ta. Aka saki faifan yumɓu, ya harba, ya wuce. Aka saki na biyu, ya wuce. Na lura yana karkata kai yana neman gyara, irin na wanda ya saba da kuskure. Na matsa kusa da shi.

"Alhaji, bar taimakonta. Kalli abin kawai, ka ɗaga."

Aka saki na uku. Ya tarwatse ya zama hayaƙi. Na huɗu ma haka, da na bayansa. Mushe Lusiyan yana ihu yana dukan cinyarsa. Alhaji ya karya bindigar, ya cire kwanson, ya tsaya yana kallon inda ƙurar ke sauka. Ya cire tabarau ya daɗe yana goge su da bakin riga.

"Ashe ba baki ba ne," ya ce a hankali. "Ashe tsoho ba baki ya yi mini ba."

Ba da ni yake ba. Amma wani nauyi ya sauka daga kaina wanda ban san ina ɗauke da shi ba, kuma a hanyar komawa na yi barci tun daga bakin Paris, duk da zage-zagen tsohon.

Sai da sanyi ya wuce ya sake shigowa kantinmu, ya yi baƙi, ya rame kaɗan, da akwatin a hannu. Bayan doguwar gaisuwa na tambaye shi Senegal. Ya ce lafiya lau, bai fi kowa ba, bai kuma zama na baya ba, Turawa sun yi wa bindigar dariya ranar farko, daga nan suka daina. Amma ba wannan ya kawo shi ba.

Fakarar farko da ya kakkaɓo bai bari an dafa ta ba. Ya yanka, ya sa aka yi mata gishiri aka shanya. Da aka gama farauta bai dawo Paris ba, ya wuce gida. A gidansu kisan farko na uba ne, in babu uba na wanda ya gaje shi. Ya durƙusa gaban wansa, wanda shi ne Sarkin Baka yanzu, ya ajiye masa busasshiyar fakara da hoton da aka ɗauke shi da bindigar. Wan ya tambayi abin da ya karkata ta haka, ya yi masa bayanin ido. Sai wan ya aika cikin gida aka fito da mahaifiyarsu, wadda tsufa ya riga ya naɗe.

"Ta ce, 'Da hagu ka fara ɗaukar komi. Ni da kakarka muka ɗaure shi tun kana tatata, kafin ka fara fita zaure. Muka ɓoye wa babanku, don kada a ce na haifa mishi bahago.' Ka ji, Malam Ilu. Tsoho ya mutu bai sani ba."

"To mi Sarkin Baka ya ce?"

"Ya riƙe kai. Ya ce da tsoho ya sani, da juya mini bakan kawai zai yi. Ya ce ƙanen kakanmu bahago ne, kuma har yau babu wanda ya kama ƙafarsa a harbi. Ya ce, 'Tuwo ake ci da dama, Isufu. Dawa ba ta san dama da hagu ba.'"

Daga nan wan ya yagi naman, wanda ya bushe kamar fata, ya tauna da 'yan haƙoran da suka rage masa, ya miƙe tsaye a zaure ya yi masa kirarin da ake yi wa yaro ranar kisansa na farko. Shi kuwa yana durƙushe da furfurarsa. Da ya kai nan a labarin sai ya juya yana duba bindigogin da ke jikin bango, ni ma na sami abin gogewa a benci.

Sannan ya buɗe akwatin ya ce in cire ƙotar in yi masa wata, miƙaƙƙiya, ta kafaɗar hagu. Na ce, "Haba Alhaji, aikin da ya kusa kashe ni, tafiya ɗaya za a yi da shi a ajiye?" Ya yi dariya, karo na farko da na ji dariyarsa sosai, ya ce ta gama aikinta, in riƙe ta. Ita ce wadda yaran nan suka sauko da ita suna tambaya ko barci nake yi.

Sabuwar ba ta ba ni wahala ba, aikin kowa da kowa ce. Ranar da ya zo karɓa, ya kafa ta a hagu, ta zauna kamar da ita aka haife shi. Ya miƙo mini hannun dama muka yi sallama. Sannan ya ɗauki akwatinsa da hagu, a gaban mutanen da ke kanti, ya fita, bai sauya hannu ba.